Yara bakwai, uwa ɗaya: yadda nake tsara karatun gidanmu

Agusta watan shiri ne a gidanmu. Makarantun Ingila farkon Satumba suke komawa, mu ma da yaranmu ba sa zuwa makaranta mun ɗauki Satumba a matsayin mafarin shekara, tunda jarrabawa da rajistarta duk a kan wannan lissafi suke tafiya. Shi ya sa kwanakin nan, da zarar yara sun kwanta, sai in baje takardu a teburin cin abinci in riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a raina: wannan ina ya tsaya, me ya gagare shi bara, me zai iya ɗauka bana, wato 2025.

Su bakwai ne, Allah Ya raya mana su. Babbar 'yata shekararta 15, mai bi mata namiji ne ɗan 13, sai mace 'yar 11, sai tagwaye maza 'yan shekara 8, sai gambonsu mai shekara 5, sai auta da bai daɗe da cika biyu ba. A Mancesta muke zaune. Abbansu a asibiti yake aiki, wani mako da rana, wani mako da dare. Ni mutuniyar Funtuwa ce, na kuma koyar a firamare kafin aure.

Tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mini ita ce ko hukuma ta yarda. Ta yarda. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996, a sashe na 7, iyaye ta ɗora wa nauyin ganin yaro ya samu ilimi cikakke wanda ya dace da shekarunsa da ƙarfin fahimtarsa, ko ta hanyar zuwa makaranta ko ta wata hanyar. Wajabcin yana farawa bayan yaro ya cika biyar, ya tafi har shekara 16. Ba dole ne ki bi manhajar gwamnati ba, ba dole ne ki zama mai takardar malanta ba. Amma fa gwamnati ba ta ba ki ko kwabo, littafi da kuɗin jarrabawa duk daga aljihunki. Idan yaron yana makaranta, wasiƙa za ki rubuta wa shugaban makarantar a cire sunansa daga rajista. Mu duk shekara jami'ar ƙaramar hukuma takan rubuto tana neman bayanin abin da yara suke koya, ni kuma in rubuta mata rahoto a kan kowane yaro. Ina ɗaukar rahoton nan da muhimmanci, don yana tilasta mini in tsaya in duba gaskiyar inda kowa yake. A Disamban 2024 an gabatar wa majalisa ƙudurin doka da ya nemi a riƙa yi wa yaran da ba sa zuwa makaranta rajista.

Lokacin da surukata ta ji labari, ta waya ta ce mini, “Ke 'yar nan, mutane suna sayar da gona su kai 'ya'yansu karatu Ingila, ku kuna cikin Ingilar kun zaunar mini da jikoki a ɗaki?” Na ce, “Hajiya, karatun suke yi, a sa mana albarka kawai.” Ta sa albarkar, amma hankalinta bai kwanta ba sai da ta ga babbar ta fara rubuta jarrabawa. Ban ga laifinta ba. Dalilinmu biyu ne. Namijin nan mai bin babbar ya kai shekara bakwai karatun Turanci yana ba shi wuya, ya fara cewa shi daƙiƙi ne, kuma na san ba daƙiƙi ba ne, lokaci yake buƙata. Na biyu kuma Alƙur'ani. Yara su dawo makaranta wajen ƙarfe uku da rabi a gajiye, a lokacin sanyi magariba ta riga ta kawo kai, a tura musu abinci a ja su masallaci karatu suna gyangyaɗi. Abin da muka fi so su riƙe shi muke ba ragowar ƙarfinsu. Wannan ya tsaya mini a rai.

To shirin shekara. Abin da ya fi ƙaranci a gida irin namu ni ce. Littattafai akwai su a laburare kyauta, darussa cike suke a intanet, Oak National Academy da BBC Bitesize da Khan Academy duk ba a biyan kuɗi. Amma uwa ɗaya ce, bakinta ɗaya, kuma yaro ɗan shekara biyar ba ya koyon haɗa baƙi a gaban kwamfuta, sai an zauna da shi. Saboda haka kafin in rubuta sunan darasi ko ɗaya, nakan fara da tambayar kaina: wane yaro ne yake buƙatar in zauna da shi shi kaɗai, na tsawon wane lokaci, a wace sa'a ce kansa ya fi buɗewa? Sauran jadawalin a gefen wannan amsar yake ginuwa.

Tsarin da na koya a firamare bai yi mini aiki a nan ba, domin can aji guda shekaru guda, darasi guda, a buga ƙararrawa a sauya. Wanda ya yi mini aiki shi ne na makarantar allon da na yi a zauren unguwarmu. Can kolo da titibiri da gardi duk wuri ɗaya suke zaune, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam ba ya yi wa kowa karatu a lokaci ɗaya. Kiran mutum yake yi ya biya masa, in ya iya a ba shi ƙari, in bai iya ba ya koma ya maimaita, ba ruwan kowa da cewa wane ya wuce wane. Manya kuma su taimaka wa ƙanana da babbaƙu da farfaru. Haka teburinmu yake da safe. Kowane yaro yana da kwandonsa, a ciki akwai littattafansa da 'yar takarda da nake rubuta masa aikin mako daren Lahadi. Suna zaune suna yi, ni ina kiran su ɗaya ɗaya zuwa kujerar da ke gefena.

Salla ce agogonmu, ita kuwa a nan ƙasar yawo take yi sosai. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, ta faɗi kafin huɗu, azahar da la'asar da magariba duk a matse cikin sa'o'i kaɗan. A Yuni kuwa rana tana fitowa kafin biyar na safe, ba ta faɗuwa sai tara da rabi ta wuce. Don haka jadawali biyu nake rubutawa, na sanyi da na bazara, in sauya su daidai lokacin da ake sauya agogon ƙasar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba da ta Maris. A na sanyi, asuba tana zuwa a lokaci mai daɗi, manyan biyar su tashi su yi salla, a zauna karatun Alƙur'ani nan take har gari ya waye. Wannan ne lokacin da na fi so a shekara, hadda tana tafiya da sauri. A na bazara sai dai a yi salla a koma barci, karatun ya koma bayan karin kumallo.

Abbansu ne mai Alƙur'ani in yana gida, in yana aikin dare ni ce. Mu biyu da Warshu muka yi karatu, masallatan nan kuwa Hafsu ake karantawa. Mun daɗe muna shawara kafin muka tsaya a kan yara su haddace da Hafsu, don su iya bin liman su kuma samu mai gyara musu a ko'ina, in sun sauke sai abbansu ya karantar da su Warshu. Babbar tana izu na arba'in da wani abu. Tagwaye suna da allo na katako da aka kawo mana daga gida, da tawada da alƙalami, suna rubutawa suna wankewa. Na ga abin da hannu ya rubuta ya fi zama a kansu fiye da abin da ido ya kalla kawai.

Bayan karin kumallo, sa'ar farko ta 'yar biyar ce. Minti ashirin kacal, amma ba na ba kowa shi, ko waya ba na ɗauka. Sautin haruffa muke yi, ta haɗa biyu, ta haɗa uku, ta karanta 'yar gajeriyar jimla. Da Hausa na fara mata, kamar yadda na yi wa tagwaye, domin rubutun Hausa yadda aka faɗa haka ake rubutawa. Yaro in ya gane ba, bi, bu, ya ga ya karanta “baba” da kansa, sai zuciyarsa ta yi ƙarfi, daga nan ya shiga Turanci da rikicin haruffansa ba tare da tsoro ba. A wannan minti ashirin ɗin 'yar 11 ce take riƙe auta, ita kuma tana da nata lokacin daga baya.

Sai tagwaye. Mutane suna zaton tagwaye sauƙi ne, darasi ɗaya ya wadatar da biyu. Nawa ba haka suke ba. Ɗaya lissafi kamar ruwa yake sha, ya riga ya haddace jadawalin ninkawa har sha biyu, amma a ce ya rubuta layi uku sai hawaye. Ɗayan kuma labari yake rubutawa shafi guda ba a sa shi ba, amma rabawa ta tsaya masa. Bana na yanke shawarar raba musu littafin lissafi, kowa da nasa daga kamfani daban, yadda ba wanda zai leƙa ya ga ɗan'uwansa ya wuce shi da shafi ashirin. Tarihi da kimiyya da karatu a bayyane kuwa tare suke yi da 'yar 11, in karanta musu su ukun, in tambayi kowa daidai ƙarfinsa.

Inda na fi daɗewa ina tunani a shirin bana shi ne kan babbar. A gidan yawa, 'yar fari mace tana zama uwa ta biyu ba tare da kowa ya yanke hakan ba. Ni 'yar fari ce, na san yadda abin yake: a ce miki ɗan riƙe yaron nan, ɗan duba tukunya, ɗan biya wa ƙaninki, kafin ki ankara yini ya ƙare. Ita kuwa yarinya ce mai kawaici, ba za ta taɓa cewa a'a ba. Shi ya sa na rubuta da jan biro a saman jadawali cewa daga tara zuwa azahar ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa, har ni. Na tara ƙannenta na faɗa musu a gabanta. Tana taimakawa, ba shakka, ita ke sauraren tilawar tagwaye da yamma, ita da ƙaninta ke wanke-wanken dare. Amma aikinta a ƙayyade yake kamar na kowa, kuma namijin ma yana shara yana wanke banɗaki yana goya auta a kafaɗa. Ba na so ta girma ta ce karatun gida ya cinye mata ƙuruciya domin a koyar da wasu.

Jarrabawarta ita ce mafi nauyin abin da ke gabanmu, a aiki da kuma a kuɗi. Yaran makaranta suna rubuta GCSE, wato jarrabawar gama sakandare, gaba ɗaya a watannin Mayu da Yuni na shekarar da suke cika 16, makaranta ce ke biya. Mu sai mun nemi cibiyar da ke karɓar ɗalibai masu zaman kansu, mu yi rajista kafin wa'adin Fabrairu, mu biya kowane darasi daban. A inda muke zuwa darasi ɗaya ya haura fam 150. Amfanin da muke da shi shi ne muna iya rarrabawa. Bana ta rubuta biyu, lissafi da bayoloji, sakamako ya fito ranar 21 ga Agusta, alhamdu lillahi ta ci duka da kyau. Baɗi za ta rubuta Turanci da kemistiri da fiziks da ilimin addinin Musulunci. Irin ta ƙasa da ƙasa muke zaɓa, wato IGCSE, saboda a kimiyya duk a rubuce ake yin ta, ba sai an nemi ɗakin gwaji da malamin da zai sa hannu ba. Makin daga 9 yake saukowa zuwa 1, kuma yawancin kwalejoji suna neman aƙalla darussa biyar da maki 4 zuwa sama, har da Turanci da lissafi, masu son kimiyya kuma ana neman fiye da haka a wurinsu. Ita likitanci take so. Kemistiri ya fi ƙarfina, na kuma faɗa mata haka, saboda haka mun ɗauki malama da ke koya mata ta intanet sau ɗaya a mako. Kuɗin malamar daga kuɗin tafiya gida muka cire, bana ba za mu je ba.

Dole kuma in duba kalandar Musulunci kafin in raba makonni. Babbar sallar bana ta faɗo ranar 6 ga Yuni, tsakiyar jarrabawa, yarinya ta ci nama da littafi a cinya don saura kwanaki kaɗan ta shiga takarda ta gaba. Azumi mai zuwa zai kama wajen tsakiyar Fabrairun 2026 zuwa Maris. A Ramadan ba ma buɗe sabon babi a komai. Lissafi kaɗan don kada hannu ya manta, sauran lokaci Alƙur'ani da karatun sira. Wannan yana nufin duk abin da babbar za ta koya sabo sai ta gama shi kafin tsakiyar Fabrairu, bayan salla kuma bita ce da tsoffin takardun jarrabawa har Mayu. Da na lissafa haka sai na ga makonnin ba su da yawa, shi ya sa ita tun makon jiya ta fara.

Da azahar karatun teburi ya ƙare ga kowa ban da manyan biyu. Abincin rana ba na wahalar da kaina: ranar Asabar nake dafa miya mai yawa, ta kuka da ta taushe da jar miya, in raba a robobi in sa a firiza. Shinkafa ko taliya ko tuwon semo minti kaɗan ne. Kayan miya da garin kuka da daddawa a shagunan Longsight da Cheetham Hill muke samu. Injin wanki kuwa kullum a kunne yake, mutum tara ne a gida.

Bayan abinci sai a fita, ko ana yayyafi. Wannan doka ce da ba na sassautawa, domin yara bakwai a rufe cikin gidan Ingila tun safe har dare, rigima ce kawai za ta biyo baya. Filin Platt Fields ba shi da nisa da mu. Manyan maza suna ƙwallo a wata ƙungiyar unguwa, matan suna iyo a ranar da aka ware wa mata, kuma ranar Talata muna haɗuwa da wasu iyalai masu karatun gida, Somaliyawa da 'yan Pakistan da Turawa, a ɗakin taro da muke haɗa kuɗi mu kama. Masu tambayata ko yaran ba sa kaɗaici, ina ba su amsa da wannan. A watannin sanyi kuma ba na wasa da ba su bitamin D, hukumar lafiya ta nan tana ba da shawarar haka, musamman ga masu duhun fata irinmu.

Juma'a ba ma buɗe kwando. A makarantar allo Alhamis da Juma'a ake hutu, mu Juma'ar muka riƙe. Da safe a karanta Kahfi, a yanke farce, maza su bi abbansu masallaci in yana nan. Wani lokaci kuma mu shiga gari, babban laburaren da ke dandalin St Peter ko gidan tarihin jami'a da ke titin Oxford, duk kyauta ake shiga. Wanda ya fi taɓa ni shi ne gidan tarihin kimiyya da masana'antu, wanda ke harabar tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1830. A ciki akwai injinan kaɗi da saƙa na zamanin da Mancesta take tufatar da duniya. Na tsayar da yara a gabansu na gaya musu cewa kakana manomin auduga ne. Masaƙun wannan yanki da audugar Amurka suka dogara, da suka so samun wata kafar sai aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, BCGA, a nan Mancesta a 1902. Ita ce ta kafa injinan gurzar auduga a ƙasarmu, har da Zariya da Funtuwa, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, ko da yake a Kanon gyaɗa ce ta fi karɓuwa wurin manoma. Ɗan 13 ya yi tambayoyin da suka kai mu wata guda muna bincike: nawa ake sayen audugar a hannun manomi, wa ke yanka farashi, me ya faru da masaƙanmu da marinanmu da yadin Ingila ya cika kasuwa. Ya kira kakarsa ta waya ya tambaye ta abin da ta tuna na kasuwar auduga, ya rubuta da Hausa shafi huɗu. Wannan yaron ne dai da ya taɓa kiran kansa daƙiƙi. A shirin bana na ware wa tarihi irin wannan wuri mai faɗi, za mu bi ta kan Daular Usmaniyya ta Sakkwato daga 1804 zuwa shigowar Turawa Kano da Sakkwato a 1903, manyan uku tare.

Hausa a gidanmu ita ce harshen cin abinci da na faɗa da na lallashi. Tsakaninsu Turanci yana ƙwace musu, ba na hana su, amma in da ni ko abbansu ake magana Hausa ce. Kowane mako manyan suna rubuta wa kakanninsu wasiƙa da hannu, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace, in ɗauki hoto in tura ta WhatsApp. Hajiya takan sa a karanta mata, ta aiko da amsa da murya, tana kiran matan kishiyoyinta, mazan kuma angwayenta.

Akwai shafi ɗaya a shirin da na rubuta da fensir, na ɗan 13. Watan jiya ya same ni a kicin ya ce, “Umma, ina so in gwada makaranta.” Na tambaye shi dalili, ya ce ɗakin gwajin kimiyya yake so, da koyon aikin katako da ƙarfe, kuma abokan ƙwallonsa duk makaranta ɗaya suke. Maganarsa tana da hujja, waɗannan abubuwa ne da ba ni da su a teburin cin abinci. Na gaya wa abbansu, muka zauna mu uku. Mun tsaya a kan zai yi zangon farko a gida, cikin watannin nan mu je mu ga makarantu biyu da ke kusa, mu tambaya ko akwai gurbi a ajinsa. In zai shiga, gara ya shiga kafin aji na 10, don a nan ake fara karatun GCSE na shekara biyu, shiga tsakiya wahala ce. Sharaɗin abbansu ɗaya ne, haddar asuba ba za ta tsaya ba, shi ma ya yarda. Saboda haka na saya masa littattafan zango ɗaya kawai, na lissafi da na kimiyya kuma na zaɓi masu bin manhajar gwamnati ta aji na 9, yadda in ya shiga a Janairu ba zai tarar an bar shi a baya ba.